Tabar naɗin hannu ta ƙananan shaguna: a saya ko a bari?

Bakabe, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, amma tun kafin a ɗauko mini wa'azi bari in faɗa: ni ba na shan taba, aike ne aka ɗora mini.

Maigidana yana da injin casar shinkafa a nan Birnin Kebbi, ni ke riƙe masa lissafi da sauran kai-komo. Akwai wani Bature da ya kawo mana injinan, kuma har yau shi ke turo ƙarafan gyara duk lokacin da wani abu ya lalace, wani lokaci ma kafin a biya shi. Ya yi alkawarin zuwa kallon bikin kamun kifi na Argungu, Alhaji kuma yana son ya yi masa kyautar da za ta shiga ransa. Babbar riga an ba shi, hula an ba shi, jakar fata da takalmi duk an yi a zuwansa na baya. To Alhaji ya lura mutumin in an gama cin abincin dare yakan fita waje ya kunna irin tabar nan mai kauri, mai launin ƙasa, wadda babu takarda a jikinta, ganye ne aka naɗe da ganye, wadda suke kira siga. Kara ɗaya sai ya kusa awa yana ja. Shi ne Alhaji ya ce a nemo masa mai kyau, ko nawa ce.

Masu tireda na nan kwalin sigari kawai suka sani. Amma ɗan yayata yana karatu a Tamfa, jihar Fulorida ta Amurka, kuma zai zo gida hutun ƙarshen shekara. Da na yi masa maganar sai ya ce ai akwai wata unguwa a garin da ƙananan shaguna, mutum na zaune bakin taga yana naɗewa a gabanka, ka biya ka ɗauka, ba akwati ba tambari, a ɗaure maka da ƙyalle kawai. Ya ce kuɗinta bai kai na masu akwati da ake sayarwa a filin jirgi ba. Har bidiyo ya turo mini: wani dattijo da wuƙa marar ƙota, hannunsa na tafiya ko kallon aikin ba ya yi.

Abin da nake son sani, ta shagon nan abin kai wa babban baƙo ce, ko araha ce kawai ta ruɗi yaro? Shi ba ya sha, ni ba na sha, Alhaji ba ya sha, kun ga cinikin biri a sama muke shirin yi. Yaya wanda bai san abu ba zai gane mai kyau? Sannan daga Disamba zuwa lokacin biki tana iya zama ba ta lalace ba?

Akwai kuma wata da ta tsaya mini a rai tun da na ga bidiyon. Mahaifinmu ya noma taba a fadamar Argungu, na tashi na ga ganye rataye a rumfa. In naɗin ne kawai, me zai hana yaranmu masu saƙar tabarma da ɗinkin hula su koya, mu ma mu buɗe shago?

Injiniya Ɗan Gwandu

Wa alaikumus salam, Malam Bakabe. Na zauna a Tamfa lokacin karatu, kuma unguwar da yaron ke nufi ita ce Ibor. Wani attajirin taba, Vicente Martinez Ybor, shi ya kafa ta wajen 1885, ya kwaso ma'aikata 'yan Kuba da 'yan Sifen, daga baya 'yan Italiya suka biyo. A 1929 garin ya naɗa siga kusan miliyan 500 a shekara guda. Har mai karatu suke ɗauka, ya hau kan dakali yana karanta musu jarida da littattafai suna aiki, su ke biyansa daga aljihunsu, sai a 1931 masu masana'antu suka hana. Yanzu mafi yawan manyan gidajen sun daina naɗi, wasu sun zama ofisoshi da gidajen abinci, amma akwai ƙananan shagunan da ke kan titi na bakwai. Don haka yaron bai yi maka ƙarya ba, sana'ar gado ce a wurin.

Amma abin da ka gani a bidiyo shi ne ƙarshen aiki, kuma shi ne mafi sauƙi. Kara ɗaya kashi uku ne. Akwai ganyen ciki, wanda ake haɗa iri biyu ko uku: na ƙasan tsiro don wuta ta ci, na tsakiya don ƙamshi, na can sama wanda ya fi shan rana don ƙarfi. Akwai ganye mai ƙwari da ake ɗaure su da shi. Sai a sa a cikin katako mai ramuka a matse na kamar rabin awa zuwa awa, ana juyawa. Daga nan a kawo rigar waje, ganye siriri mai santsi, a yanka shi da wuƙar nan, a naɗe a karkace, a rufe kan da ɗan ɗigon ƙaro marar ɗanɗano. Gwani yakan yi daga 60 zuwa 150 a yini, gwargwadon girman karan. A Kuba wata tara ake koya wa sabon ma'aikaci.

Wata tara a koyi naɗi, amma ganyen da za a naɗa ya fi haka daɗewa a hanya. Bayan an tsinke shi sai ya yi kusan kwana 50 a rataye cikin rumbun shanya yana bushewa a hankali. Sannan a jiƙa shi kaɗan a tara shi tuli, ya ɗau zafi da kansa, in zafin ya kai iyaka a warware a sake tarawa, na ciki ya koma waje. Kusan abin da kalwa ke yi kafin ta zama daddawa ne: ɗaci da wari su fita, wani ƙamshi ya shigo. Wannan kan ci wata ɗaya zuwa uku, wani ganyen sau biyu ake yi masa. Daga nan a ɗaure a ajiye, na saman tsiro ya yi shekara biyu ko fiye. Kuɗin da mutum ke biya, mafi yawansa na wannan jiran ne.

To mai ƙaramin shago ba shi da gona, ba shi da rumbu. Sayen ganye yake yi wurin dillalai. In ya sayi wanda ya nuna, karansa zai iya fin na akwati daɗi, kuma da gaske ya fi araha tunda babu kuɗin tambari da talla. In ya sayi mai araha wanda aka yi wa gaggawa, to kyawun hannunsa ba zai gyara komai ba. Shi ya sa shaguna biyu a jere, farashi ɗaya, kaya ya sha bamban. Tambayar farko da yaron zai yi ita ce: daga ina ganyen, kuma shekararsa nawa? Mai gaskiya zai amsa ba tare da inda-inda ba, ya ce na ciki daga Esteli ta Nikaraguwa ne ko Jamhuriyar Dominika ko Honduras, rigar waje daga Ekwado ko Kamaru. E, Kamaru maƙwabciyarmu. Ganyen waje da ake nomawa a gabashinta da Afirka ta Tsakiya yana cikin masu daraja a duniya.

In kuwa aka ce masa ta Kuba ce, ya yi murmushi ya wuce. Tun Fabrairun 1962 Amurka ta hana shigo da kayan Kuba, har yau ba a sayar da tabarta a shago bisa doka. Abin da suke nufi shi ne irin da aka shuka asalinsa daga Kuba ne, ko mai naɗin can aka haife shi. Ba laifi ba ne, amma kada a ƙara masa kuɗi a kan haka. Mafi muni su ne masu tare mutum a titi da akwati mai murfin gilashi ɗauke da sunan Cohiba, wata shahararriyar siga ta Kuba. Wannan jabu ne kai tsaye, kuma waɗanda suka farke irinsu sun sha samun sharar ƙasa da ganyen ayaba a ciki.

Wanda ba ya sha ma yana iya dubawa, hannu da hanci da ido sun isa. Ya matsa karan a hankali tsakanin yatsu biyu tun daga kai har gindi: ya ɗan lotsa ya dawo, ko'ina daidai. Inda ya ji tauri gam, to an cusa da yawa, hayaƙi ba zai wuce ba. Inda ya ji rami, wuta za ta ci gefe ɗaya. In ya ji ƙaras-ƙaras ya bushe. Ya duba buɗaɗɗen gindin, ya ga ganye a ninke, ba dunƙule ɗaya ba. Ya shinshina: ƙamshin ƙasa, fata, itace, duk lafiya, in wari mai hawa kai ya bugi hancinsa har ido ya yi ƙwalla, ganyen bai gama ba. Sai abu ɗaya da nake ganin ya fi duka: ya sayi kara guda, ya roƙi mai shago ya tsaga shi tsaye a gabansa. In dogayen ganye ne daga kai zuwa gindi, madalla. In gutsattsari ne suka zubo, to na rage farashi ne, bai kamaci babban baƙo ba. Mai shagon da ya ƙi a tsaga karan da aka riga aka biya, ya ba ka amsa.

Kuma kada ya ɗauki wanda aka naɗa a gabansa, duk da shi ne abin sha'awar. Da laima ake naɗi, laimar nan kuma takan tayar da ganyen. Sabon kara ko dai a sha shi cikin kwana ɗaya ko biyu, ko a bar shi ya huta wata ɗaya zuwa uku, tsakanin nan ɗaci da wari yake yi. Kowane shagon kirki yana da ɗaki ko kabad mai rufi inda na baya ke kwance. Daga can zai zaɓa, matsakaicin kauri, matsakaicin ƙarfi, tunda ba ku san abin da bakin mutumin ya saba da shi ba.

Bakabe, Birnin Kebbi

Injiniya Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Na kwafe maganarka na tura wa yaron yadda take. Wallahi da ni ne da na bakin taga zan ce a ba ni, ina ganin sabo ya fi, irin na mai tsire. Maganar tsaga kara kuwa ta kwanta mini, don mu ma a nan ba ma sayen buhun shanshera sai an soka an ga abin da ke tsakiya.

Wato in na fahimce ka, shagon da nake mafarki ba matsalar hannu ba ce. Amma ganyen fa? Tunda Kamaru na yi, namu na fadama me ya rasa?

Tsohon Malamin Gona, Kauran Namoda

Salamu alaikum. Ɗana Bakabe, tambayarka ta ƙarshe ita tas sa ni sa baki. Aikin malamin gona niy yi hal lokacin da nib bar aiki, kuma taba na cikin abin da munka bi manoma kai nai a hwadamun wajen Shinkahi. Ubanka in ya noma ta Argungu, to aiki guda munka yi, don duk kwarin ga na gulbin Rima da na Sakkwato an noma ta.

Ba ƙaramin aiki ba na. Irin ta ya hi gero ƙanƙanta nesa, giram guda ya ɗara ƙwaya 10,000, sai an gauraya shi da toka ko rairai kahin a watsa ga bedi. A yi ta ban ruwa sahe da marece hab bayan sati shida, sannan a dasa in ruwa ya janye daga hwadama ƙarshen damana. In ta kawo hure a karye kan, a bi ana cire 'ya'yan da ka tsirowa ga hammata, in ba haka ba ganye ba ya hwaɗi. A tsinka daga ƙasa zuwa bisa, a soke ga igiya, a rataya cikin runhwar zana. In ta bushe a rarraba daraja-daraja, a ɗaure dila, a kai ma'auni. Ta wajenmu jirgin ƙasa ka ɗaukar ta daga nan Kaura zuwa Zariya inda masana'antar sigari take.

To ka ji wurin da bambancin yake. Waccan iri ta na sigari, inji ka yanka ta ƙanana a zuba cikin takarda, ba ruwan kowa da ko ganyen ya yage. Ta gargajiya kuma, wadda tsohhi ka shukawa bayan gida, daka ta akai da kanwa a yi garin taba na ɗurawa ga baki ko shaƙawa, ko a cusa ga lohe, mata su ɗebi huren su goga ga haƙora da goro. Ko wacce ba a nemi ta yi laushi ta miƙe ba. Ita ko wadda Injiniya ka magana, ganyen waje sai ka ja shi ya biyo ka bai tsage ba. Wanga sai ƙasa mai lumshi da iska mai laima, ko a yi ma gonar runhwar ƙyalle baki ɗaya. Kamarun da yac ce, ta kurmi ta, ba wajen Garwa ko Marwa ba, su can zahinsu irin namu na.

Babban abokin gabanmu hunturu na. Lokacin da tabarmu ka kai ga shanya shi na lokacin da iska ta hi bushewa. Ganyen da ya kamata ya ɗauki sati shida ko bakwai shina juya launi sannu, nan cikin 'yan kwanaki ya ƙeƙashe, wani da tsanwan shi. Mukan ce ma manoma su yayyahwa ruwa ƙasan runhwa, su rufe ta da zana biyu, kuma kada a taɓa ganye sai da asuba sa'ad da yaɗ ɗan yi sanyi. Wanda yat taɓa shi da rana, gari za ya kwasa. Ka ce ƙaƙa za a yi a tara irin wanga tuli wata uku, a aje shekara biyu? Sai an gina ɗaki na musamman mai injin laima da wuta ba yankewa. Kuɗɗin da za ka zuba nan, ka sayi hwamhwan ban ruwa ka yi albasa irin ta Aliero ko shinkahwa sau biyu ga shekara, ka ga kuɗɗinka kahin azumi ya zagayo. Manoma ba wawaye ba na, da sunka bar ta lissahi sunka yi. Ga ta da cin ƙasa, in ka maimaita ta wuri guda sai saiwa ta yi ƙulli-ƙulli gona ta mutu.

Hannun yaranmu ban da shakka kai nai. Mai iya ɗinkin hula ƙube za ya iya wanga cikin wata nawa. Amma sai dai ka sawo ganyen daga waje da dala, ka naɗa, ka rasa mai saye. Taba ta bambanta da garin gero, ɗana.

Maman Khalifa, Gusau

Malam Bakabe ka ce kada a yi maka wa'azi, to ba wa'azi zan yi ba, aikina zan faɗa, ni ma'aikaciyar jinya ce. Baba Malamin Gona, a gafarce ni in shigo bayan manya.

Yadda Injiniya ya tsara zancen sai mutum ya ɗauka abin nan ganye ne tsarkakakke, tunda babu takarda babu inji. Mutane da yawa haka suke zato, har su ce ai ba a haɗiye hayaƙin, a baki kawai ake juya shi. Gaskiya ne yawancinsu ba sa ja zuwa huhu, amma hayaƙinta ba irin na sigari ba ne, nikotin ɗinsa ta fatar baki yake shiga jini, ba ya buƙatar huhu. Babban kara ɗaya yana iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari guda. Kuma ruɓar da ganyen da ake yabo, a lokacin ne wasu sinadarai masu jawo ciwon daji ke ƙaruwa a cikinsa. Shi ya sa masu shanta ke gamuwa da dajin baki, na harshe, na maƙogwaro da na hanyar abinci, ban da ciwon zuciya da zubewar haƙora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sha ba, zama kusa da masu sha ne kawai. Ko masu tsinkar ganyen da raɓa a jikinsa sukan yi jiri da amai, ta fata yake shiga, Baba zai fi ni sani.

Baƙonku babba ne, ya san abin da yake yi wa kansa. Ni yaron nake ji. Ɗan makaranta, shi kaɗai a ƙasar mutane, an tura shi shago-shago yana shinshina, masu shago kuma sana'arsu ce su ce ɗanɗana ka ji. Ka ja masa kunne sosai, ka kuma gaya wa uwarsa aiken da ka yi masa, kada ta ji a bakin wani. A can ma sai mai shekara 21 ake sayar wa taba tun ƙarshen 2019, in bai kai ba maganar ta ƙare.

Sannan in baƙon ya zo, dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sha a rufaffun wuraren jama'a, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. Kada a ce don Bature ne a bar shi ya kunna a falo yara na kai-komo. A kai masa kujera waje, nesa da taga.

Na-Jega

Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, saɓanin malamai kan taba tsoho ne. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, yana cikin waɗanda suka halatta ta, wasu na zamaninsa suka haramta. Amma a lokacin ba a san abin da Hajiya ta lissafa ba. Yau mafi yawan malamanmu tsakanin haramci da karhanci suke, 'yan Tijjaniyya kuwa tun asali ba sa kusantarta. Kyauta da abu tana bin hukuncin abun. Ban ce Alhaji ya ji tawa ba, yana da malaminsa, ya tambaye shi kafin a kashe dala. Ni da zuma ce mai kyau da kilishi aka haɗa wa mutumin, da hankalin kowa ya kwanta.

Bakabe, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai. Baba Malamin Gona, Allah ya ƙara girma, ka tuna mini tashin asuba da tsoho ke yi mana a kwance igiya, ashe dalilin ke nan. Shago ya mutu tun ba a haife shi ba. Hajiya, yaron ya wuce 21, kuma na kira yayata na gaya mata, ta ce in ya dawo da baƙin leɓe ni da ita ne. Malam Na-Jega, kilishi ba ya shiga Turai, a filin jirgi suke karɓe duk wani nama, amma zuma na rubuta.

Na karanta wa Alhaji duka. Ya ce zai yi magana da malaminsa ranar Juma'a, in an saya ma ba ɗauri guda ba, kara goma sun isa. Injiniya, saura tambayata ta ajiya. In hunturu na mayar da ganye gari a rumfa, me zai yi wa waɗannan kafin ranar bikin, da masunta za su faɗa kogin Matan Fada?

Injiniya Ɗan Gwandu

Abin da ya yi wa na rumfa shi zai yi musu, cikin kwana biyu ma in an bar su a fili. Suna son laima kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi wajen digiri 18 zuwa 21. Iskar hunturu a wajenmu takan sauka ƙasa da kashi 20, rigar waje ta tsage, in ta tsage kuma ba ta ɗinkuwa.

Ba sai kun sayi akwatin katako mai tsada ba. Robar abinci sabuwa mai murfin da ke kamawa gam ta isa, a wanke ta warin roba ya fita. A shagon ya sayi 'yar jakar laima, za a ga 65 ko 69 a rubuce a jikinta, ita ke ba da laima ta kuma tsotse in ta yi yawa. Ya sayi uku, don ta nan za ta yi saurin ƙarewa. In ta yi tauri a canza. Kada a sa auduga jiƙaƙƙiya ko ɓawon lemo yadda wasu ke yi, fumfuna za ta kama. A ajiye robar a ƙasa cikin ɗakin da ya fi sanyi, kusa da randa ma ya yi amma ba a jikinta ba. Ban da mota, ban da firji, firji busarwa yake yi kuma za su kwashi warin miya. Ban da kusa da turare, na uwargida ko na Alhaji.

Ɗaya matsalar ƙwaro ne. Ƙwansa na iya kasancewa cikin ganyen tun daga can, in zafi ya haura digiri 23 da laima sai ya ƙyanƙyashe ya huda karan, ka ga 'yan ramuka da gari mai launin ƙasa. Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris kun san yadda Birnin Kebbi take. Maganinsa a rufe su cikin leda biyu a sa a injin ƙanƙara kwana uku, sannan kwana ɗaya a firji kafin a fito da su, don kada su fashe. Wannan yaron ya yi shi can kafin ya taso, inda wuta ba ta ɗaukewa. Ya riƙo su a jakar hannu da rasiɗinsu, in kwastan sun tambaya ya nuna.

Kai kuma ka riƙa buɗewa sau ɗaya a mako kana dubawa, wanda ka ga rami a jikinsa ka fitar da shi daga cikin sauran. Za ka ga kai ɗaya a rufe yake, haka ake yin sa, kada wani ya ce zai taimaka ya yanke. Mai sha shi ke yanke abinsa lokacin da zai kunna, kuma yana da abin yankansa a aljihu.